Fuskar da Ta Tafi Kudu

Ni kafinta ne, ko in ce na taɓa zama kafinta, don yanzu hannun ba ya riƙe zarto. Malam Alu ake ce mani. Rumfata tana bayan tashar motar Dutsin-Ma, bango ɗaya ya raba ni da shagon ɗab'in Gidiyon. Shi mutumin kudancin Zariya ne, gajere, mai yawan shiru. Ya zo garinmu da injin buga takarda wanda ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki, yana buga katin biki da kalandar 'yan kasuwa da takardun cocinsu. Karatuna bai wuce elemantare ba, ita ma ban gama ba, amma tun ranar da na ga yana tsintar harufan dalma ɗaya bayan ɗaya yana jera su a baibai, hankalina ya koma shagonsa. In ba ni da aiki, can za a same ni.

Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne hoto. Harufa yana da su a akwati, amma fuskar mutum ba ta zuwa a akwati. Sai an aika da hoton Kano, can wasu masu sana'a su ɗauke shi a kan farantin tutiya, su jiƙa a wani ruwa mai cin ƙarfe. Abin da ya fito shi ake kira bulok. In ka dube shi kai tsaye ba ka ganin kowa, sai ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero a faifai. Sai ka karkata shi wajen rana, mutum ya leƙo, hagunsa a dama, kamar mai kallonka daga ƙarƙashin ruwa. Aikina shi ne in yanka katako daidai tsayin harafi, in kafa tutiyar a kai da ƙananan ƙusoshi. Ni na yi wa Gidiyon kabad mai aljihuna inda fuskokin ke kwana, kuma nakan yi tunanin ko suna gaisawa in an kulle shago.

Gidiyon ba ya sa wa hoto suna, lamba yake sa masa. Wanda ya fara kawo nasa shi ne ɗaya, na biye da shi biyu, ya rubuta da fensir a bayan hoton, sannan ya rubuta lambar a kan takardar aikin. In sun taru ya zuba a ambulan ya ba Ɗanmaraya, direban wata tsohuwar motar Kurfi mai zuwa Kano. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce rubutu mai yawa yana fitowa ta gaba ya ɓata fuska, lamba kuwa ba ta da nauyi.

A shekarar da annobar bushiya ta shiga shanu, rugagen Rawayau, can wajen Kurfi, suka zama kufai. Wani saurayin makiyayi ya kora 'yan shanun da suka rage masa ya yi kudu, aka yi damina aka yi rani, aka sake yin damina, ba shi ba labarinsa. Ranar wata kasuwa sai ga mahaifiyarsa a shagon Gidiyon, wata doguwar tsohuwa da kowa ke kira Gogo, tare da matarsa Aishatu. Ɗanmaraya ne ya ba su shawarar a buga takardar cigiya da hoto, a manna a tashoshin mota da kasuwannin shanu.

Gogo ta kwance bakin zanenta ta fito da hoton. Shi ke nan gare ta, babu wani. Da na leƙa sai na gane aikin Tomas mai hoto ne na bakin kasuwa. Tomas yana da labule guda mai zanen jirgin sama a kan benaye, da rediyon da ba ya magana, da wata baƙar kwat da yake ara wa duk wanda ya zo. Rabin samarin ƙasar nan a cikin kwat ɗin nan aka ɗauke su. Ɗan Gogo ma ya tuɓe malfarsa ya saka ta, ya ɗora hannu a kan rediyon, jirgi na wucewa ta bayan kunnensa.

Gidiyon ya ɗauki fensir ya tambayi sunan mai hoton. Gogo ta dubi bango. Ya juya wajen Aishatu, ita kuma ta rufe baki da gefen mayafi. Ni na sa baki na ce masa ɗan fari ne, uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, mata kuma ba ta kama sunan miji.

"To Gogo," in ji Gidiyon, "ƙaƙa za a yi cigiyar mutumin da ba a faɗin sunansa?"

"Ɗanmaraya ya sani," ta ce. "Ku tambaye shi."

Ɗanmaraya kuwa yana kan hanya ranar. Gidiyon ya juya hoton ya rubuta huɗu. Gogo ta bi hoton da kallo har ya shige ambulan, ta ce a kula mata da shi. Ya ce da zarar an gama za a mayar mata.

Kafin ambulan ɗin ya tafi wata mata ta zo, Magdalina, mai ɗinki a unguwar baƙi. Mijinta Kefas yana aikin walda a wajen gina madatsar ruwa, ciwon ciki ya kashe shi, aka kai gawar garinsu a kudu. Shekara ta kusa zagayowa, za ta koma gida gaba ɗaya, tana son takardar tunawa irin wadda suke yi, da gicciye a sama da hoton mamaci a ƙasa. Gidiyon bai san Kefas ba, ba cocinsu ɗaya ba. Ya rubuta biyar a bayan nata.

Ga abin da ba mu sani ba a lokacin. Mutanen Kano ba sa ɗaukar hotuna ɗaya-ɗaya, don tutiya na da tsada. Sukan shafa gam a bayan hotunan su manna su duka a kan kwali guda, manya gefe, ƙanana gefe, su ɗauka sau ɗaya, sannan su yayyanka. In sun ɓamɓaro hotunan, gam ya riga ya cinye fensirin Gidiyon, sai su sake ba su lamba yadda suka zo hannu, su rubuta a hoton da bayan tutiyar. Shekara da shekaru haka ake yi, ba a taɓa samun matsala ba, domin ba wanda zai rikita hoton masallaci da na buhun taki. Wannan karon mutum biyu ne suka tafi Kano a cikin kwat ɗaya.

Da bulok ɗin suka dawo ni na kafa su a katako. Na karkata ɗaya na ga jirgin sama, na karkata ɗayan na sake ganin jirgin sama. Abin ya ba ni dariya, na kai wa Gidiyon na ce ya zo ya ga jirgin Tomas ya haihu. Shi ma ya murmusa, ya juya su ya duba baya. Huɗu na nan, biyar na nan. Ɗanmaraya ya riga ya faɗa masa sunan ɗan Gogo, Sabitu, ya jera shi da manyan harufa. Ya ɗaure huɗu a ƙarƙashin sunan Sabitu, biyar a ƙarƙashin gicciye, ya taka injinsa.

Magdalina ta zo karɓar nata da safe, motar da za ta kai ta na danna ƙaho a tasha, kayanta duk a kai. Ta rungumi ƙunshin a ɗaure yadda yake, da ambulan mai hoto da bulok a ciki, ta tafi. Ɗanmaraya ya ɗauki takardun cigiya. Ya zaro ɗaya ya duba, ya ce injin Gidiyon ya fi rugar Rawayau kiwo, ga Sabitu har ya yi kumatu. Takardar mai arha ce, tawada ta zauna da yawa, shi kuma sanin da ya yi wa yaron na gaisuwa ne a bakin mota. Ya rarraba wa direbobi masu zuwa Funtuwa da Kaduna da can gaba. Ba a manna ko ɗaya a Kurfi ko Dutsin-Ma ba, don ba a cigiyar mutum a inda kowa ya san ba ya nan.

Bayan kaka labari ya fara zuwa. Wani direban tifa ya ga takardar a tashar Funtuwa, ya biyo ya sami Ɗanmaraya a Kurfi kamar yadda aka rubuta a ƙasa. Ya ce ya san mutumin nan sarai, sun ci abinci a kwano ɗaya a wajen madatsa. Ya rasu bara. Sai dai su da Kefas suka san shi.

Ɗanmaraya ya ce ƙarya ne, ya yi shiru da maganar. Ba a daɗe ba sai ga Tukur, wani dillalin shanu na Rawayau wanda ya san Sabitu tun yana bin maruƙa, ya dawo daga kudu. Ya rantse ya ga fuskar Sabitu da idonsa, manne a jikin ƙofar wani coci, da gicciye a samansa. Ya roƙi wani malamin makaranta ya karanta masa, aka ce mai wannan fuska ya mutu, sunansa Kefas, ya yi aiki a Dutsin-Ma.

Maganganun biyu suka haɗu kamar ƙwarya da murfinta. Mutane suka ce ashe Sabitu bai yi nisa ba. Shanu suka ƙare masa, ya bar addini, ya sake suna, ya dawo ya laɓe a wajen madatsa, tafiyar yini ɗaya daga bukkar uwarsa, kunya ta hana shi leƙowa har ya mutu. Liman ya ce shaidu biyu ne, kuma ba su san juna ba. Aka yi ta gardama a kan ko za a yi masa addu'a, aka watse ba a yi ba. Aishatu ba ta jira hukuncin kowa ba, ta kwance kitso ta shiga takaba. Matan da ke zuwa sayen nono wajen Gogo suka rage zama, in sun zauna ma sai su yi ta kallon ƙasa.

Ranar kasuwa Gogo ta tako da ƙafa har shagon, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shiga ba.

"Ɗan nan, ba ni abuna."

Gidiyon ya ji labarin, duk garin ya ji. Ya yi mata gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa, ya jawo aljihun kabad ya ɗauko ambulan mai lamba huɗu. Ta buɗe ta fito da hoton, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta fita wajen haske ta sake dubawa. Ina tsaye da guduma a hannu.

"Rigar dai ita ce," ta ce. "Wannan kuwa ɗan wata ne."

Gidiyon ya ce ta ƙara dubawa, hoto yakan sauya mutum. Ta ce ita ta haife shi, kunnensa na hagu yana da tsaga inda ƙahon saniya ya taɓa kama shi. Akwai wata waya a bango inda Gidiyon ke soke kwafi ɗaya na duk aikin da ya buga. Ya zazzaro har ya kai kan takardar Magdalina, ya shimfiɗa ta a tebur. Gogo ta ɗora yatsa a kan kunnen mutumin da ke ƙarƙashin gicciye. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya mi aka rubuta a nan, Gidiyon ya kasa faɗa, ni na karanta mata da ɗan karatuna. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya ina hoton nata yake yanzu.

Gidiyon ya zauna a kan buhun takarda. Ban taɓa ganin baƙin mutum ya yi fari haka ba. Ya ce hoton da bulok ɗin suna kudu, a hannun wata mata da bai san ko ta ajiye su ba.

Washegari ya kulle shago ya hau mota, da hoton Kefas a aljihun gaban rigarsa. Ya daɗe. Ni kuwa ina rumfata ina ta saƙe-saƙe: mutum na can wani daji yana bin saniya, bai san fuskarsa ta riga shi mutuwa ba, an yi mata waƙoƙi a coci da harshen da bai taɓa ji ba. Shi kuma Kefas yana kwance a kabari, ana cigiyarsa a tashoshi.

Da Gidiyon ya dawo ya rame. Ya ce abin da ya tarar can ya fi na nan muni. Ranar da Magdalina ta isa, tana cikin gaishe-gaishe samarin coci suka kwance ƙunshin suka bi gari suna mannawa. Da dangin miji suka gani, sai suka ce ta kawo hoton kwartonta na Arewa ta ɗora a kan sunan ɗan'uwansu. Suka ƙone abin da ya rage, suka hana ta ɗakin mijinta, ta koma gidan iyayenta. Amma hoton da bulok ɗin ta ɓoye su a ƙasan akwatin ɗinkinta. Ta ce masa ta yi niyyar jefa su a wuta, sai ta tuna fuskar nan tana da uwa. Gidiyon ya tsaya gaban jama'a ranar Lahadi ya yi bayani. Wasu sun yarda. Magdalina ta karɓi hoton mijinta ba ta ɗaga ido ta dubi Gidiyon ba.

Muka hau babur ni da shi muka tafi Rawayau, bulok biyu a jaka, da tawada da abin shafa ta. Dattawa suka taru a gindin tsamiya, aka kira Tukur, Ɗanmaraya ya zo da direban tifa. Gidiyon ya shafa wa tutiya ta farko tawada, ya ɗora farar takarda ya murza da bayan cokali, ya ɗaga. Direban ya ce wannan ne Kefas. Ya yi wa ta biyu haka, Tukur ya ce wannan ne Sabitu, shi ya gani a ƙofar coci. Aka ajiye takardun biyu a kan tabarma, jirgi kusa da jirgi. Wani tsoho ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya ce shi ma ya taɓa sa kwat ɗin nan, hammatarta a yage take. Aka ɗan yi dariya, ta mutu da wuri.

Liman ya ce shaida ta faɗi, ba wanda ya ga gawar Sabitu, ba wanda ya ga ya bar addini. A bayana na ji wani yana cewa ruwa ba ya tsami banza. Irin wannan maganar ba a goge ta da cokali.

Gidiyon ya miƙa wa Gogo hotonta da hannu biyu. Bayansa ya ɗan yage inda gam ya ci. Ta ƙulle shi a bakin zane, ƙulli biyu. Muna shirin tashi sai Aishatu ta fito daga bayan zana, kanta ba kitso, ta tsaya nesa kaɗan. An riga an gaya mata takabarta ta warware.

"Mai ɗab'i," ta ce, "da ka bar shi a mace, da na san inda yake."

Ba wanda ya tsawata mata. Gidiyon ya tsaya da jaka a hannu har ta koma ciki. A hanya, da muka hango Dutsin-Ma, ya ce in nemo masa ƙarfen da ake yi wa shanu shaida da shi.

Tun daga nan lamba ta bar shagon. Duk hoton da za a kai Kano sai ya buga sunan mai shi a wata siririyar takarda ya manna a ƙasan hoton ta gaba, don sunan ya shiga cikin tutiyar tare da fuskar, in ya dawo a rufe wurin kafin a buga. Aljihunan kabad kuma ya raba su gari-gari, Kurfi daban, Kuki daban, Dabawa daban. Tsofaffin bulok ɗin da ke ciki ni na bi su ɗaya-ɗaya da ƙarfen nan mai zafi, ina ƙona suna da gari a gefen katakon. Shagon ya yi kwanaki yana warin hayaƙi. Na Sabitu kaɗai ya hana ni taɓawa.

Da Gogo ta zo a sake buga cigiya, ya shimfiɗa mata tabarma a cikin shago, ya ajiye bulok ɗin a gabanta. Ya ce ya buga sunan nan sau ɗaya daga bakin wanda ba na gida ba, ya sa fuskar da lamba ta ba shi, ga inda abin ya kai mutane. Ba zai sake ba. Ita za ta duba ta ce wannan fuskar ɗanta ce, ita kuma za ta faɗi abin da za a ƙona a jikin katakon. Na ce masa ya bari, ya san al'adarsu. Ya ce ya sani.

Ƙarfen na cikin garwashi yana yin ja. Gogo ta ɗauki tutiyar ta karkata ta wajen ƙofa yadda na nuna mata, ta nemi kunnen, ta same shi a ɗaya gefen. Ta shafa shi da babban yatsa. A tasha yaran mota suna kiran Katsina, Katsina. Na fara tunanin cire ƙarfen daga wuta.

"Sabitu," ta ce, ba ta dubi kowa ba. Muryar ta fito kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta sake faɗa, a hankali. "Sabitu. Rubuta haka, Malam Alu. Ka sa Rawayau, ko ya manta hanya."

Na ƙona shi harafi bayan harafi, ita tana kallon hayaƙin. Gidiyon ya taka injin, takardu suka fito da fuskar da sunan a wuri ɗaya, ta duba ta farko da ta ƙarshe kafin a ɗaure. Direbobi suka kai su har inda mota ke tsayawa. A wasu tashoshin an ce mutane na tsayawa su ce ai wannan an taɓa cigiyarsa da wata fuskar, su wuce.

Duk bayan kaka Gogo takan zo a sake bugawa, ta tsaya a bakin kabad ta kira sunan da kanta, Gidiyon ya jawo aljihun Rawayau. Aishatu ta jira iya jiranta, daga baya alƙali ya raba auren ta koma wajen danginta. Shekarar da Gogo ba ta zo ba, Gidiyon ya jira har aka gama sussukar gero, sannan ya ɗauko bulok ɗin ya buga, ya ba Ɗanmaraya ya kai tasha.